Rantsuwa Biyu a Kan Kuɗin Kwafi

A garin Wudil an yi wani manomin rani mai suna Garzali, ƙaton mutum mai faffaɗan ƙirji, wanda in ya riƙe fartanya sai ka tausaya wa ƙasa. Ba ya sata, ba ya cin amana, ba ya kwana da hakkin wani. Sai dai Allah Ya jarrabce shi da halaye biyu da suka cinye duk wannan alherin. Na farko, kunnensa ba ya jiran magana ta kai ƙarshe. Rabin zance yake ji ya zabura. Na biyu, rantsuwa ta fi yawu araha a bakinsa. Abu kaɗan sai ka ji "Wallahi tallahi," kuma in ya rantse, ko sama da ƙasa za su haɗu ba ya janyewa, wai kada a ce Garzali ya yi amai ya lashe. Mahaifiyarsa, Inna Asabe, ta yi faɗa har bakinta ya gaji. Kullum takan ce masa, "Garzali, baki shi ke yanka wuya." Kafin ta kai aya, shi ya kai zaure.

Duk arzikin gidansu wata fadama ce a bakin kogi. Ita suka gada, shi da ƙaninsa Tasi'u, a cikinta suke noman tumatir da albasa da attaruhu da rani. Ba su kaɗai ba ne. Gidaje da dama na unguwarsu kowa da yankinsa a ciki, kuma Garzali suka naɗa shugaban ƙungiyarsu don sun ga ba ya tsoron kowa. Tun zamanin kakanninsu hukuma ta yanka wa manoma wannan fadama, aka auna, aka zana taswira, aka ajiye ta a ofishin da ke kula da takardun filaye. Kwafin da aka ba manoman kuwa, gara ta yi biki da shi tun kafin a haifi Garzali. Ba wanda ya damu, tun da ba a taɓa tambayarsu ba.

Shi Tasi'u ba ka ce cikinsu ɗaya da Garzali ba. Mutum ne mai sanyin magana, kuma Allah Ya yi masa baiwar hannu. Duk injin ban-ruwan da ya ƙi tashi a fadamar nan, shi ake kira. Ya tsuguna ya kwance shi, ya hura nan, ya goge can, ya ɗaure, ya ja igiya sau ɗaya, sai ka ji inji ya ɗauka.

Wata bazara aka wayi gari da tifofi a gaɓar kogi. Wani dillalin yashi ne mai suna Sabo, wanda ke da wajen tara yashi a tsallaken gada, ya turo yaransa da katafila suka fara kwasa daga gefen fadamar. Kafin azahar sun cinye albasar mutum biyu. Da labari ya iske Garzali bai tambayi kowa komai ba. Ya sungumi gorarsa, samarin unguwa suka dafa masa baya.

Kai, ranar an ga tashin hankali! Garzali ya fara da gilashin tifar farko, duka ɗaya ya tarwatsa shi, ya finciko direban ta taga ya maka shi da ƙasa. Su ma yaran Sabo ba hannu rabbana suka zo ba. Suka zaro adduna da sanduna daga ƙarƙashin kujeru. Aka kacame. Ba ka jin komai sai ƙarar gora a kan ƙashi da ihu da ashar. Ga wani can yana gudu riƙe da kunnensa, jini na bin wuyansa. An sari Garzali a kafaɗa, bai ma san an yi ba sai da ya ji rigarsa ta manne masa a jiki. Wani saurayi daga ɓangaren manoma aka fasa masa kai ya kife a cikin hanyar ruwa, Tasi'u ne ya ratsa ta tsakiyar sanduna ya jawo shi kafin ya shaƙe. Ba a rabu ba sai da 'yan sanda suka zo suka harba barkonon tsohuwa.

Magana ta je kotu. Sabo ya zo da lauya da takardar izinin ɗibar yashi mai hatimi. Manoma suka zo da bakinsu. Garzali ya miƙe ya fara, "Wallahi tallahi, fadamar nan tun kakanninmu..."

Alƙali ya ɗaga masa hannu. "Malam Garzali, ban ƙaryata ka ba. Amma shi ya kawo takarda, ku ma ku kawo taku. In akwai taswirar da kuke faɗa, ina son ganin kwafinta mai hatimin ofis a zama na gaba. In babu, da abin da ke gabana zan yi hukunci."

Ya dakatar da ɗibar yashin, ya ɗage shari'ar zuwa tsakiyar damina.

To ta yaya talaka zai sa ofishin gwamnati ya buɗe masa kabad? Nan hankalin kowa ya tsaya. Ana cikin haka, wata safiya Garzali da Tasi'u suna zaune a teburin mai shayi, rediyo na ta magana. Wata lauya ce ake hira da ita a kan Dokar 'Yancin Samun Bayanai. Tana cewa duk ɗan ƙasa yana da ikon ya rubuta wa ofishin gwamnati ya nemi takardar da ke hannunsu, ba sai ya faɗi dalili ba, ba sai ya san kowa ba, kuma ba a sayar masa da wannan 'yanci.

"Allahu Akbar!" Garzali ya daki tebur har shayin wani bawan Allah ya zube. "Kun ji ko? Kyauta ne! Hakkinmu ne!"

Ya miƙe ya bar burodinsa, ya nufi unguwa yana shela. A bayansa lauyar nan ta ci gaba da bayani, ta ce abin da kawai doka ta yarda ofis ya karɓa shi ne kuɗin buga kwafin takardar, gwargwadon abin da aikin zai ci. Tasi'u ya ji wannan. Mai shayi ma ya ji. Wanda ya fi kowa buƙatar ji ya riga ya sha kwana.

Aka rubuta takardar nema da sunan Garzali a matsayinsa na shugaba, aka kai. Ba a daɗe ba aka aiko su zo. Mai kula da ɗakin ajiyar takardun wani dattijo ne siriri mai tabarau, ana ce masa Malam Lawan. Ya ba su kujeru, aka gaisa, ya tambayi gida da iyali da yadda aka ji da zafi. Sannan ya ɗauko taswirar ya warware ta a kan tebur a hankali, kamar mai shimfiɗa jariri. Faɗinta ya kai na sallaya, ta yi ja don tsufa, gefenta duk ya zaizaye. Ga kogi, ga fadama, ga sunan kakan su Garzali a rubuce da tawada. Garzali ya ji ƙwalla ta cika masa ido don murna. A ransa har ya hango Sabo yana kwashe tifofinsa.

"Alhamdu lillahi. Miƙo ta nan," in ji shi.

"A'a, Malam Garzali," in ji Malam Lawan. "Wannan ita ce uwar, kuma ita kaɗai gare mu. Ba ta barin hannun ofis. Kwafi za a buga muku a sa hatimi. To injinmu na nan ƙananan takardu kawai yake ɗauka, mai faɗi irin wannan sai na kai ta Kano. Saboda haka za ku biya kuɗin kwafi wajen kashiya, naira dubu huɗu, ya ba ku rasit, ni kuma..."

"Kuɗi?"

"Na kwafi. Bari in ƙarasa maka, ita dokar cewa ta yi..."

Bai ƙarasa ba. Garzali ya zagayo tebur ya shaƙe wuyan rigar dattijon, ya ɗaga shi har ƙafafunsa suka bar ƙasa, ya haɗa shi da kabad ɗin ƙarfe. Tabarau ya faɗi ya fashe.

"Ni za ka nemi cin hanci a wajena da rana tsaka? Da kunnena na ji a rediyo, kyauta ne! Nawa Sabo ya ba ka ka wahalar da mu?"

Malam Lawan sai kakari yake, idanunsa sun firfito. Sai da Tasi'u da masinja da mai gadi suka taru kafin suka ɓamɓare hannun Garzali daga wuyansa. Da ake jan sa waje ya fizgi kujera ya jefi taga da ita.

A ƙofar ofis mutane sun taru jin hayaniya, har da samarin nan na unguwarsu. Shi kuwa Garzali ba abin da ke hura masa kai kamar taro. Ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Ku zama shaida! Wallahi tallahi, ko sisin kwabo ba zai fita daga aljihuna a kan takardar nan ba. Kyauta za a ba mu ita, ana so ko ba a so!"

Samari suka ɗauki tafi da shewa. "Sai Garzali! Namijin duniya!" Wannan tafin shi ya ƙarasa shi.

Malam Lawan bai kai ƙara ba. Saƙo ya aiko cewa shi ya yafe, kuma duk ranar da aka kawo masa rasit zai yi aikinsa.

Da yamma a tsakar gida, Inna Asabe tana tsintar shinkafa a faifai, kajinta na zagaye da ita. Tasi'u ya matso kusa da wansa ya sassauta murya. "Yaya, ka yi haƙuri in faɗa maka ragowar abin da matar nan ta ce a rediyo. Bayan ka tashi..."

"Ba na son ji."

"To ni ka ji ni," in ji Inna Asabe. "Kuɗin nan nawa ne? Kuɗin kaza guda ne fa, Garzali. A kan kuɗin kaza za ka saki fadamar ubanka?"

"Inna, ba kuɗin ba ne. Na rantse a gaban jama'a."

"To sai me? Kai ne farkon wanda ya rantse, daga baya ya ga abin da ya fi alheri? Addini bai bar mu a duhu ba. Ka yi kaffara. Mabuƙata goma za ka ciyar. Ni zan tuƙa tuwon da hannuna, na san gidajen da ba su ɗora tukunya ba a unguwar nan. In ka ga ba hali, ka yi azumi uku. Shi ke nan an wuce wurin."

"A ce Garzali ya yi kaffara? Haba Inna! Gobe da wane ido zan kalli yaran nan da suka yi mini tafi?"

"Da idon da za ka kalle su ranar da aka ƙwace gonakin iyayensu."

Tasi'u ya ce, "To Yaya, ga wata hanya. Kai ka rantse, ni ban rantse ba. Aljihunka ka ambata, ba nawa ba. Bari in je in biya, kai ba ruwanka."

Maganar hankali ke nan, ko yaro ya ji ya san mafita ce. Amma shi Garzali sai ya ji kamar an ce masa ya gaza. Ya miƙe ya yi ƙwallo da butar da ke gabansa, kaji suka watse.

"Wato ka zagaya ta bayana ka mai da ni abin dariya a gari? To ka ji wata. Wallahi tallahi, duk wanda ya biya kuɗin nan, ko waye shi, ko ciki ɗaya muka fito, sai na karya hannun da ya miƙa su!"

Inna Asabe ta saki faifai ta dafe ƙirji. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Garzali, maza janye wannan magana!"

Ina! Ya riga ya kai zaure.

Damina ta kankama. Kogi ya kawo ruwa ya cika ya batse, ja wur da shi, yana tafe da itatuwa da karan gonakin mutane. Ranar shari'a sai matsowa take. 'Yan ƙungiya suka shiga ƙus-ƙus, kowa na son a biya, ba mai son gorar Garzali ta sauka a kansa. Limamin unguwa ya tare shi bayan sallar la'asar zai yi masa nasiha, yana cikin jawo hadisi Garzali ya ce yana da uzuri ya saka takalmi. Kullum sai ya je ƙofar ofishin nan ya yi ta zage-zage, a ce masa ga kashiya can, ya ce sai dai kashiyan ya mutu da zama.

Da ya ga ba a ba shi ba, sai zuciya ta raya masa wani abu. Tun da tsohon nan ya ƙi sakin taswira kyauta, to lallai ajiye ta yake don ya miƙa wa Sabo a ƙone. Ba wanda ya faɗa masa haka, shi ya kitsa abinsa ya kuma gaskata. Akwai wani mai faci da rumfarsa ke kallon ƙofar ofishin, sunansa Bilya, irin mutanen nan da ba a cinikin tsegumi ba da su ba. Garzali ya ce masa, "Duk ranar da ka ga tsohon nan ya fito da wani abu mai kama da taswira, kira ni ko ina nake."

Ana jibi shari'a aka tashi da yayyafi. Garzali na zaune a bakin rumfar tsakar gida yana kallon kaji sun takure a gindin bango, sai ya lura babu ɗaya.

"Inna, ina wake-waken kazar nan taki mai yawan ƙwai? Ko muzuru ne ya yi mana ɓarna?"

Inna Asabe ta tako inda yake. Sannan ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna a gabansa. "Ba muzuru ba ne. Sayar da ita na yi jiya. Garzali, ina so ka saurare ni har in gama, ko sau ɗaya a rayuwarka. Abin da ya sa na sayar da ita..."

Sai wayarsa ta yi ƙara. Bilya ne, yana haki.

"Shugaba, ga shi nan ya fito! Tsohon nan, da wata doguwar aba a naɗe cikin leda. Wani ya ɗauke shi a babur, ya sha rigar ruwa har ka, ban ga fuskarsa ba. Sun yi hanyar gada!"

Hanyar gada! A tsallaken gada wajen yashin Sabo yake. Cewa hanyar Kano ma ta nan ta bi, kuma da bakinsa Malam Lawan ya ce sai an kai taswirar Kano, wannan ko giftawa bai yi a ran Garzali ba.

"Sun sayar da mu!" Ya daka tsawa ya rarumi gora.

Inna Asabe ta riƙo gefen rigarsa da hannu biyu. "Tsaya ka ji, Garzali! Don girman Allah ka tsaya! Ƙaninka..."

Ya fizge. Tsohuwa ta zame a jiƙaƙƙiyar ƙasa ta faɗi a kan gwiwoyinta. Bai waiwayo ba.

Kafin ka ce kwabo ya tara samari, babura suka ɗauki hanya, shi yana bayan na gaba da gora a hannu. Ruwa ya ƙara ƙarfi. A kan gada wata babbar mota ce ke tafiyar hawainiya, ta tare ababen hawa a bayanta, nan suka hango su: mai rigar ruwa yana tuƙi a hankali, Malam Lawan a baya ya rungume ledar a ƙirjinsa.

"Matsa ta damansa!" Garzali ya ce wa mai tuƙa shi.

Suna yin kafaɗa da kafaɗa, Garzali ya miƙe a kan babur ya tattara duk ƙarfin da Allah Ya ba shi, ya sauke gora a kan hannun da ke riƙe da kan babur ɗin. Ƙas! Har na baya sun ji ƙarar. Babur ya yi wani irin juyi ya kife, ya ja mai tuƙin a kan kwalta, ya je ya matse shi da ƙarfen gefen gada. Malam Lawan ya yi sama ya faɗo a kan kafaɗarsa. Samari suka dira suka rufe mai rigar ruwan da sanduna, suna duka suna "Munafuki! Ɗan koren Sabo!"

Garzali ya yi kan dattijon. Malam Lawan yana kwance, goshinsa ya tsage, amma ledar na nan a ƙirjinsa ya ƙanƙame ta.

"Malam Garzali, don Allah ka saurara, Kano za mu..."

Garzali ya kai masa naushi a baki. Haƙora suka zubo da jini. Ya kama bakin ledar ya ja, tsoho ya ƙi saki, don shi a wajensa amana ce. Ya sake ja, ya ƙi. Sai ya taka masa ciki da ƙafa ya fizga da ƙarfin tsiya. Leda ta yage. Garzali ya yi baya taga-taga ya bugi ƙarfen gada, naɗin taswirar ya suɓuce daga jiƙaƙƙen hannunsa ya tsallake ƙarfen.

Yana kallo ta warware a iska. Yana kallo ta sauka a kan jan ruwan nan ta shimfiɗu. Ruwa ya juya ta sau ɗaya, ya naɗe ta, ya yi ƙasa da ita.

Samarin suka tsaya cak da sandunansu. A cikin wannan shirun ne Garzali ya ji wata murya daga ƙarƙashin babur.

"Yaya..."

Hular rigar ruwan ta zame. Tasi'u ne. Fuskarsa ta kumbura, hannunsa na dama yana matse tsakanin babur da ƙarfe, ya lanƙwashe a inda babu gaɓa, ƙashi ya huda fata ya fito. Jininsa na bin ruwan sama yana gangarawa ta magudanar gada. Babur ɗin ma aro ya yi, don kada wansa ya gane.

"Yaya, an biya," in ji shi da ƙyar. "Inna ce ta ba da kuɗin kazarta, ni na kai. Kano za mu je a bugo. Da na kawo maka cikin dare... jibi ka shiga kotu da ita, ka ce wa mutane kyauta aka ba ka."

Garzali ya saki wata ƙara da ba ta yi kama da ta mutum ba. Ya ɗaga babur ɗin shi kaɗai ya jefar gefe, ya durƙusa ya tallabo kan ƙaninsa yana kiran sunansa. Can ya zabura ya kama ƙarfen gada zai faɗa kogi, wai ya bi taswirar. Direbobi da fasinjojin da suka ga abin da ya yi wa tsoho su suka finciko shi, ba don tausayi ba. Suka rufe shi da duka, wani da jak, wani da dutse, wani da gorar tasa. Samarin da suka yi masa tafi kuwa, ko ƙurarsu ba a gani ba. Da 'yan sanda ba su iso ba, a kan gadar nan za a gama da shi.

A asibiti a Kano likitoci suka yi iya yinsu, hannun Tasi'u bai gyaru ba, aka yanke shi daga saman gwiwar hannu. Malam Lawan ya tashi, amma bai ƙara komawa aiki ba. Ranar shari'a manoma suka tsaya a gaban alƙali ba taswira, ba kwafi, ba shugaba. Alƙali ya yi hukunci da abin da ke gabansa, kamar yadda ya faɗa tun farko. Shi kuma Garzali wata kotun ta aika shi gidan yari.

Ya yi shekarunsa ya fito, gashin kansa ya soma fari. Bai nufi gida ba sai da ya biya ta fadama. Babu fadama. Wani ƙaton rami ne cike da koren ruwa, tifofi na shiga suna fita. Cikin masu lodin yashi da shebur ya gane mutum uku da a da suke da gonakin kansu a wurin. Suka kalle shi, suka ci gaba da lodi.

A ƙofar gida ya tarar da Tasi'u zaune a gaban wani injin ban-ruwa da aka kawo gyara. Mai injin ne ke riƙe da sifana, Tasi'u na gaya masa da baki, "Kwance wancan. A'a, na ƙasan." Hannun rigarsa na dama an ninke shi an soke da allura. Da ya ga wansa sai ya miƙe.

"Sannu da zuwa, Yaya," ya ce, ya miƙo masa hannun hagu.

Garzali ya kasa kamawa. Ya wuce ciki yana hawaye, ya zube a gaban Inna Asabe. Ta tsufa ƙwarai, tun faɗuwar nan gwiwarta ba ta sake daidai ba.

"Inna, ki yafe mini."

"Zan yi magana," in ji ta. "Za ka bari in gama?"

Ya gyaɗa kai.

"Yafiya na yafe maka, ɗa ba ya wuce uwarsa. Amma akwai abin da na riƙe maka tun ranar nan. Na ce ka yi kaffara, ka ce abin kunya ne. To ka kwantar da hankalinka, babu kaffara a kanka. Ka ce sisinka ba zai fita ba, bai fita ba. Ka ce za ka karya hannun da ya biya, ka karya. Duk Wudil ba mai cewa Garzali ya yi amai ya lashe. Sai ka tashi ka je ka noma rantsuwar taka, ka kawo mana mu ci."

Garzali ya sunkuyar da kai yana jira ta ƙara wani abu. Wannan ne karo na farko da ya saurari magana har ƙarshenta, kuma ta riga ta ƙare.

Darasin da ke cikin wannan labari, ya kai mai karatu, shi ne neman hakki ba hauka ba ne. In doka ta ba ka 'yancin ganin takardar gwamnati, ka san dokar har ƙarshenta, ka san abin da ta ba ka da abin da ta ɗora maka. Ka tambayi dalilin duk kuɗin da aka ce ka biya, ka karɓi rasit, in an zarce ƙa'ida ka kai ƙara inda ya dace. Amma kada ka kira kowane ma'aikaci ɓarawo tun bai rufe baki ba. Kada ka yi hukunci da rabin magana. Kuma in ka yi rantsuwa cikin fushi, sannan ka ga alheri a wani wajen, ka sauke girman kai ka yi kaffara. Kunyar yini ɗaya ta fi nadamar da ba ta da magani, kuma masu yi maka tafi yau ba su ne za su ɗauki hannun ɗan'uwanka su mayar masa ba.